Daga Yashe zuwa Tsanyawa: Kuɗin Makarantar Ɗan Jiha da na Baƙo, da Buƙatar Yarjejeniya Tsakanin Jihohin Arewa Maso Yamma

Wanda ya shiga mota a tashar Kankiya ya nufi Kano, ba da jimawa ba zai wuce Gidan Mutum Ɗaya, ya wuce Yashe, kafin ya gama gyara zama ya tarar yana ƙasar Tsanyawa. Babu abin da ya sauya a gefen titi. Gero da dawa ne a gonaki, Hausar ɗaya ce, ana cin kasuwannin juna, ana auratayya, ana zuwa wa juna biki da gaisuwar rasuwa. Allon bakin hanya ne kawai ke shaida cewa an bar Jihar Katsina an shiga Jihar Kano. To amma ga ɗalibin da ya fito daga Kusada, wannan allo yana da farashi, kuma iyayensa ne ke biya duk shekara har ya gama karatu.

Wannan maƙala ta dubi wannan farashi: bambancin kuɗin rajista tsakanin ɗan asalin jiha da baƙo a manyan makarantu mallakar jihohi. Matsayinta shi ne, jihohi bakwai na Arewa maso Yamma za su iya ƙulla yarjejeniyar da za ta bar ɗalibin wata jiha ya biya kuɗin ɗan gida a makarantar maƙwabciyarta, bisa sharuɗɗa bayyanannu, kuma tarihin yankin kansa ya nuna an taɓa yin abin da ya fi haka wuya.

Yana da kyau a fara da ganin yadda abin ke faruwa a zahiri. Yaro ya ci jarabawar JAMB, sunansa ya fito, ya tafi shagon intanet da takardunsa cikin leda. Mai shago ya buɗe shafin makaranta, ya shigar da suna, ya zo wurin da ake tambayar jihar asali da ƙaramar hukuma. Daga abin da aka zaɓa a wannan ɗan akwati ne kwamfuta za ta fitar da adadin da za a biya a banki. Ɗalibai biyu za su zauna a benci ɗaya, malami ɗaya ya koyar da su, su yi jarabawa ɗaya, amma rasit ɗinsu ya sha bamban. Kuma faɗa da baki ba ya wadatarwa, sai an kawo takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira takardar indijin. Hanyar samunta sananniya ce a Kankiya da Kusada kamar ko'ina: mai unguwa ya shaida ya san uban yaro, dagaci ya sa hannu, a bi ta ofishin hakimi, sannan a je sakatariyar ƙaramar hukuma da hotunan fasfo a buga hatimi. Tambayar da ake yi a kowane mataki ita ce ina aka haifi uba da kaka. Ba a tambayar inda yaron ya yi firamare, ko inda mahaifinsa ke biyan haraji.

Abin bai kasance haka tun asali ba. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta Lardunan Arewa ce gaba ɗaya. Ahmadu Bello daga ƙasar Sakkwato ya zo, Abubakar Tafawa Balewa daga Bauchi, kuma da aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga baya zuwa Zariya, tsarin bai sauya ba. Haka Jami'ar Ahmadu Bello da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962. Ko bayan Janar Yakubu Gowon ya raba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, ba a yanka cibiyoyin gunduwa-gunduwa ba. An kafa hukumar riƙon kadarorin haɗin gwiwa, ICSA, wadda ta ci gaba da kula da su a madadin jihohin har zuwa 1976. Gwamnatin Tarayya ta karɓi jami'ar Zariya a 1975, amma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ci gaba da zama mallakar jihohin Arewa a tare har 1991. Ke nan an shafe fiye da shekara 20 jihohi daban-daban suna haɗa kuɗi suna riƙe makaranta ɗaya, 'ya'yansu suna shiga a matsayin masu gida.

Ƙirƙirar jihohi ce ta mayar da maƙwabta baƙi. Ɗan Kankiya da ke karatu a wata makarantar jiha a Zariya ɗan gida ne ranar 22 ga Satumba 1987. Washegari Janar Ibrahim Babangida ya cire Katsina daga Kaduna, sai ɗalibin ya wayi gari ɗan wata jiha ba tare da ya motsa daga ɗakinsa ba. Irin wannan ta faɗa wa mutanen Kazaure da Haɗeja lokacin da aka cire Jigawa daga Kano a 1991, da mutanen Kabi a shekarar, da Zamfarawa a 1996. Sannan kowace jiha ta shiga gina tata jami'ar: Wudil a 2001, Kaduna a 2004, Katsina da Aliero a 2006, ta biyu a birnin Kano a 2012, Kafin Hausa a 2013, ga ta Sakkwato da ta Talata Mafara. Wannan ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai kowace sabuwar makaranta ta zo da jadawalin kuɗi mai layi biyu.

Muddin kuɗin bai taka kara ya karya ba, bambancin bai dami kowa sosai ba. Shekarun baya-bayan nan ne suka fito da shi fili. A 2021 Jami'ar Jihar Kaduna ta ɗaga kuɗinta daga abin da bai kai naira 40,000 ba zuwa naira 150,000 ga ɗan jiha a kwasa-kwasan da suka fi araha, na baƙo kuwa ya zarce haka, musamman a fannin likitanci. A 2023 Gwamna Uba Sani ya sauko da wancan adadi zuwa naira 105,000. A shekarar ce kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantun Jihar Kano, ragin da aka yi domin 'yan asalin jihar. Kowane gwamna yana da hujjar sassauta wa mutanen da suka zaɓe shi, musamman a shekarar da aka janye tallafin man fetur. Amma duk sassaucin da aka yi wa ɗan gida shi kaɗai, faɗaɗa tazara ne tsakaninsa da na kusa da shi a aji.

Masu kare tsarin suna da magana mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa jiha ce ke biyan albashin malamai, ita ke biyan wuta da ruwa, kuɗin da ɗalibi ke bayarwa kuwa bai kai kaso kaɗan na abin da ake kashewa a kansa ba. Don me talakan Kano zai ɗauki nauyin ɗan Katsina, alhali Katsina na karɓar nata kason daga Abuja?

Amsar tana cikin gine-ginen makarantun kansu. Duk wanda ya zagaya harabar jami'ar jiha ko kwalejin ilimi a yankin nan zai ga tambarin asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, a jikin ɗakunan lacca, da ɗakin karatu, da ɗakunan gwaje-gwaje, da motocin makaranta. Kuɗin wannan asusu daga harajin ribar kamfanonin ƙasar nan baki ɗaya yake fitowa, harajin da ya fara da kashi 2 cikin 100 a 1993 ya kai kashi 3 a 2023, kuma makarantun tarayya da na jihohi duka suna cin moriyarsa. Malamai da yawa ma da kuɗinsa suka yi digiri na biyu da na uku. Ɗalibin Kusada da ke zaune a irin wannan ɗaki a Wudil ko Kafin Hausa yana zaune ne a ginin da ƙasarsa ta gina. Bayan haka, yawan jama'a na cikin ma'aunin da ake raba kason jihohi da shi, ƙidaya kuwa mazauna take lissafawa. Bakatsinen da ya shekara 30 yana kasuwanci a Kantin Kwari ko Dawanau, a Kano aka ƙirga shi da iyalinsa, a Kano yake biyan kuɗin shago. Ɗansa da aka haifa a Kurna ko Rijiyar Lemo zai iya zuwa rajista a ce masa baƙo ne.

A nan ne ɓarnar da ba a cika faɗa ba take. Iyali da yawa sun gano cewa hanya mafi sauƙi ita ce a nemi takarda ta biyu. Inda yare ɗaya ne, addini ɗaya, sunaye iri ɗaya, ba wuya a sami wanda zai shaida. Sai yaro ya fara karatun jami'a da ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba, kuma ya ɗauki wannan ƙarya har cikin takardun aikinsa. Wanda ya ƙi yin haka, ko wanda ba shi da hanya, shi ke biyan kuɗin baƙo. Tsarin da ke hukunta mai gaskiya ya saka wa mai dabara yana buƙatar gyara ko da babu wata hujja bayan wannan.

Doka ba ta warware matsalar ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda wurin asalinsa, sashe na 15 kuma ya ɗora wa gwamnati tabbatar da cikakken 'yancin zama a ko'ina. Amma sashe na 15 yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiki da shi, kuma kundin da kansa ya amince da asalin jiha wajen naɗa ministoci a sashe na 147. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto a kan lamarin tun 2006, inda ta ambaci bambancin kuɗin makaranta cikin abubuwan da baƙi ke fuskanta. Jiran gyaran kundin tsarin mulki jira ne mai tsawo. Yarjejeniya tsakanin jihohi kuwa ba ta buƙatar a taɓa shi.

Amurka ce ta fi kowa daɗewa da irin wannan yarjejeniya, domin can ma jami'o'in jihohi suna cajin baƙo ninki biyu ko fiye. A 1948 gwamnonin kudancin ƙasar suka kafa hukumar ilimi ta yanki, SREB, mai hedikwata a Atlanta, wadda yanzu ke da jihohi 16. Farkonta ba shi da tsabta, domin wasu jihohin sun yi amfani da ita wajen tura ɗalibai baƙar fata karatun likitanci a waje maimakon su buɗe musu ƙofar jami'o'insu. Amma a 1974 hukumar ta ƙirƙiro wani tsari da ake kira kasuwar ilimi ta bai ɗaya, kuma shi ne ya fi dacewa da abin da ake tattaunawa a nan. Ƙa'idarsa gajeriya ce. Idan kwas ɗin da ɗalibi ke so babu shi a jami'o'in gwamnati na jiharsa, kuma wata jiha ta saka nata cikin jerin yarjejeniyar, to ya je can ya biya kuɗin ɗan gida. Kowace jiha tana da jami'i guda mai tabbatar da abu biyu: ɗalibin mazaunin jihar ne, kuma kwas ɗin babu shi a gida. Makaranta ce ke zaɓar kwasa-kwasan da za ta saka, ba a tilasta mata. Jiha ma tana iya taƙaita shigarta, kamar yadda Fulorida da Tekzas suka tsaya a kan karatun gaba da digirin farko.

Sauran yankunan sun bi wasu hanyoyin. Jihohin yamma, ƙarƙashin hukumar WICHE, sun amince tun 1987 cewa ɗalibin maƙwabta ba zai biya fiye da kuɗin ɗan gida da rabinsa ba. Jihohi shida na arewa maso gabashin Amurka suna da nasu tsarin rangwame tun 1957. Minesota da Wiskonsin sun buɗe wa juna ƙofa tun ƙarshen shekarun 1960, a ƙarshen kowace shekara su yi lissafi, wadda ɗalibanta suka fi cin moriya ta biya cikon. Minesota har da lardin Manitoba na ƙasar Kanada ta yi irin wannan. A fannin likitanci kuwa, tun shekarun 1970 jihohin Alaska da Montana da Aidaho, daga baya Wayomin a 1996, suke biyan kuɗin kujeru a kwalejin likitanci ta Jami'ar Washinton maimakon kowace ta gina tata.

Akwai bambanci guda da dole a lura da shi kafin a kwaikwayi kowa. A Amurka zama ne ke sa mutum ya zama ɗan jiha, galibi bayan shekara ɗaya. A Nijeriya jini ne. Saboda haka yarjejeniyar da za a yi a nan tana da aiki biyu, inda tasu ke da ɗaya.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. Ƙasashen kudancin Afirka na ƙungiyar SADC sun sa hannu a 1997 cewa za su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na gurabe ga ɗaliban juna, kuma su ɗauke su tamkar 'yan gida wajen kuɗin makaranta da masauki. Ƙungiyar UEMOA ta masu kuɗin sefa, wadda Nijar ke ciki, ta fitar da umarni a 2005 cewa a daidaita kuɗin rajista tsakanin ɗaliban ƙasashenta a jami'o'in gwamnati. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya a wurare da dama, amma ƙa'idar tana rubuce: ɗan Maraɗi yana da hujjar neman a caje shi kamar ɗan gida a Dakar ko Wagadugu. Ƙasashe ne masu tuta da iyaka da soja suka iya wannan. Kano da Katsina kuwa jihohi ne na ƙasa ɗaya.

Me yarjejeniyar Arewa maso Yamma za ta ƙunsa? Ginshiƙinta na farko shi ne kwas ɗin da babu a gida. Babu jihar da ta mallaki komai, kuma bai kamata kowace ta yi ƙoƙarin mallaka ba. Wudil da Aliero sun karkata ga kimiyya da fasaha. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da ta noma da kiwo a Bakura, da kwalejojin fasaha na Nuhu Bamalli a Zariya, da Hassan Usman a Katsina, da Abdu Gusau a Talata Mafara, da Binyaminu Usman a Haɗeja. Buɗe tsangayar likitanci ko injiniya ko haɗa magunguna yana cin kuɗi mai yawa, ga ƙarancin farfesoshin da ake ta wawaso a kansu, har malami ɗaya ya riƙa kai-komo tsakanin jami'o'i uku a mako. Idan kowace jiha ta ƙarfafa abin da ta fi iyawa ta buɗe wa saura, kuɗin zai fi yin auki.

Ginshiƙi na biyu shi ne na bakin iyaka, kuma shi ya fi shafar Kusada da Kankiya. Ga ɗalibin Yashe, Bichi ta fi birnin Katsina kusa, kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke can ba ta tambayarsa kuɗin baƙo saboda ta tarayya ce. Abin da ake nema shi ne makarantun jihohi su yi wa ƙananan hukumomin da ke kan iyaka irin wannan. Kusancin ya fi muhimmanci ga 'ya'ya mata. Uba da yawa zai bar 'yarsa ta yi karatu inda za ta iya dawowa gida ranar Juma'a da yamma, ko inda take da goggo ko kawu da za ta zauna a wurinsu, amma ba zai bari ta yi nisa ba, balle a wannan zamani da hanyoyi da dama ba su da aminci. Idan makarantar da ke kusa ta yi tsada saboda allon bakin titi, sau da yawa karatun ke nan ya tsaya. Kuma moriyar ba ta gefe ɗaya ba ce. Makarantar Fasahar Lafiya ta Kankiya Iro, wadda ke yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, tana kusa da matasan Tsanyawa da Kunci, kuma asibitocin karkara na ɓangarorin biyu suna kukan rashin ma'aikata iri ɗaya.

Na uku shi ne zama. Yaron da ya yi firamare da sakandare a wata jiha, takardun makarantunsa sun isa shaida cewa a can yake. A caje shi kuɗin ɗan gida ba tare da an nemi ya sauya asalinsa ba. Wannan kaɗai zai rage cinikin takardar indijin ta biyu sosai.

Matsalolin ba ƙanana ba ne. Babba ita ce Kano da Kaduna za su fi karɓar ɗalibai fiye da yadda suke turawa, kuma babu majalisar dokokin da za ta yarda da asara a fili. Maganin shi ne lissafin ƙarshen shekara irin na Minesota da Wiskonsin: hukumomin tallafin karatu na jihohi su ƙirga ɗaliban da suka tsallaka, jihar da ta fi turawa ta biya bambancin kai tsaye ga makarantar. Duk wanda ya san yadda kuɗin sikolashif ke makara zai tambaya, idan jiha ta ƙi biya fa? Nan ne Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda aka sa hannu a dokarta a 2024, za ta iya tsayawa a matsayin mai riƙe asusu da mai lamuni. Matsala ta biyu gurbi ne. Jami'o'in jihohi ba sa iya ɗaukar 'ya'yansu ma gaba ɗaya, don haka dole a ƙayyade kaso, ko da kashi 5 cikin 100 ne kamar na SADC, kuma a bar makaranta ta zaɓi kwasa-kwasan da take da sarari a cikinsu.

Wani zai ce bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara nema a watan Mayu 2024, ya kashe maganar, tunda asusun yana biyan makaranta kai tsaye. Bai kashe ta ba, ya ɗaga ta ne zuwa gaba. Bashi ne da za a fara cirewa daga albashi shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ɗan Kusada da ya yi karatu a jihar maƙwabta zai fita da bashin da ya fi na abokin ajinsa nauyi a kan digiri iri ɗaya, kuma asusun tarayya ne ya biya ƙarin tun farko.

Wurin da za a fara a bayyane yake. Gwamnonin yankin suna da dandalinsu, wanda aka ɗora wa gwamnan Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, shugabancinsa a 2023, kuma sun riga sun saba zama a kan tsaro da noma. Ba sai jihohi bakwai sun amince rana ɗaya ba. Katsina da Kano da Jigawa, waɗanda iyakokinsu suka sarƙe a tsakanin Kusada da Ingawa da Tsanyawa da Kazaure, za su iya gwadawa su uku na tsawon shekara huɗu, wato zubin ɗalibai guda daga shiga zuwa fita. Aikin farko na kwamishinonin ilimi mai zurfi ne da magatakardan makarantu: su fitar da jerin kwasa-kwasan da aka tantance a kowace makarantar jiha, da adadin baƙin da ke cikinsu yanzu, da jihohin da suka fito, da bambancin da suke biya. Bayanan suna nan a kwamfutocin rajista, a cikin ɗan akwatin nan da mai shagon intanet ke cikewa, kuma daga su ne za a san nawa kowace jiha za ta biya, nawa za ta karɓa.